Turken Agali

Gangara, ranar Laraba, bayan an gama zuba gero a rumbu.

Zuwa ga Yaya Nomau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ai ni ne mai karanta maka takarda, kana gyara mini zama kana cewa in daina sauri. Yau na tashi da dama-dama. Tarin ya lafa, amma gwiwar hagu ta ƙi, sai da sanda na kai masallaci. Idon dama kuma ya soma hazo, shi ya sa rubutun ya yi manya-manya.

Labarin gida kaɗan ne. Gero ya yi, dawa ba ta yi ba. Maƙwabtanmu da yawa sun koma Sabon Birni, wasu Isa, saboda mutanen daji. Ɗanka Bashiru ya matsa in bi su, na ce ba za ni bar gidan Baba ba kowa ba. Tun rasuwar matata Hajo ni kaɗai ne a sashena, ni da rago ɗaya.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yaya, na je Agadas.

Ka tuna Agali? Buzun nan mai ayarin gishiri da yake sauka gidanmu kowace kaka, ya sauke kantu da dabino, ya ɗora gero. Ka tuna turken da Baba ya kafa masa a gindin aduwa don amalen raƙuminsa, da yadda Baba ya mare ka ranar da ka so tuge shi ka ɗaure akuyarka a wani wuri? Ya ce a gidanmu ba a tuge turken baƙo, in an tuge an sallame shi ke nan. Agali ya daina zuwa tun muna samari, Baba ya tafi, kai ma ka tafi, turken yana nan. Sau da dama gara ta cinye shi, ka sake sabo a ramin, bayanka ni ma na sake.

Agali ne ya sa mana Agadas a rai. Yana dafa shayi muna tsugune, yana ba mu labarin hasumiyar masallacinsu, wai in mutum ya hau ƙololuwarta ya dubi kudu, har Alkalawa, tsohon birninmu na Gobir, zai hango da gulbinta. Muka yi alkawari za mu hau tare mu nemo aduwar gidanmu. Kai ka ce za ka ɗaga wa Inna hannu.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Da aka kai ni elemantare a Isa, aka bar ka a gona, malaminmu ya rataye taswira a bango. Na auna tsakanin Gobir da Agadas da yatsa, na gane ko tsuntsu ba zai hango mu daga can ba. Na dawo hutu, ka tarye ni a hanya kana ta lissafin yadda za mu je, sai bakina ya mutu. Har ka tsufa kana cewa bana dai, baɗi dai. Ko kai ma ka sani, kana tausayina ne kamar yadda nake tausayinka?

Bashiru ne ya kai ni. Ka san yanzu yana kai wake Nijar. Ya ga na fara ba da kayana kyauta, ya tsorata, ya ce in faɗi abin da ya rage mini a rai. Muka bi ta Madawa, muka kwana Tawa, daga nan sai hanya wadda ba ta ƙarewa. Itatuwa suna gajarta, suna gajarta, har suka bar mu da ƙasa da sama. Ina gaban mota, ƙashin bayana yana kuka, amma ban runtsa ba, don ina kallo ne da idon mutum biyu.

Hasumiyar gaskiya ce, Yaya. Ja ce, ta laka, faɗi a ƙasa tsini a sama, itatuwa sun fito mata ko'ina kamar ƙayar bushiya. Na zaci za ni zama baƙo a garin, ashe Hausa suke yi kamar mu. Wani tsoho mai sayar da takalma ya dubi tsagar fuskata, ya ce Bagobiri ya dawo gidan kakanninsa, wai daga nan Gobirawa suka taso, amma kada in ce a mayar mini da fili, an riga an gina. Na ce masa na yafe, zafin garin ma ya ishe su hukunci.

Na hau. Kada ka yi dariya, rabi na hau. Matakalar ƙunci gare ta, tana ƙara matsewa, jemagu suna wucewa ta kunnena, gwiwa ta ce iyakarta ke nan. Na zauna a bakin wata 'yar taga mai duban kudu. Na ga rufin soraye, na ga raƙuma kamar tumaki, bayan su sai fili fari har inda ido ya gaji. Babu Alkalawa, babu aduwa. Duk da haka na fitar da hannu ta tagar na ɗaga wa Inna, a madadinka.

Da na sauko na ce sai na nemi gidan Agali. Bashiru ya yi ta tambaya, ashe Agali a can kamar Garba ne a nan, kowane lungu akwai shi. Sai na tuna tambarin wuta da ke wuyan raƙumansa, wanda muke zanawa a ƙasa muna wasan ayari: ƙafar hankaka da ɗigo a gefe. Muka je kasuwar raƙuma, na durƙusa da ƙyar na zana shi da sandata. Dillalai suka kewaye ni, suka yi ta gardama da yarensu, can ɗaya ya kama hannuna. Kafin la'asar ina zaune a gidan Sidi, ɗan Agali, tsoho kamar ni, da rawani har hanci irin na ubansa.

Da na ce Gangara, sai ya ajiye butar shayi. Ya ambaci sunan Baba. Ya ambaci sunanka, ya ce kai ne mai satar dabino. Na gaya masa na hau hasumiya ban ga Gobir ba, ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce ubansa bai taɓa hawa ba ko sau ɗaya, tsoron matsatsin wuri yake yi. Ka ji mutumin da muka ba gaskiya!

Sannan ya faɗi abin da ban taɓa zato ba. Ashe in Agali ya koma gida, labarinmu yake ba 'ya'yansa. Wai akwai wani gari a Gobir inda rumbunan gero suka kai hasumiya tsawo, ruwa yana gudu a ƙasa ba mai gadinsa, kuma akwai gidan da aka kafa masa turke ba a tugewa. Sidi ya tashi da burin ganin Gangara kamar yadda muka tashi da burin Agadas. Kafin ya isa bin ayari fari ya kashe raƙuman, motoci suka karɓe gishirin. Ya tambaye ni, a hankali kamar mai jin kunya, ko da gaske ne zancen turken. Na ce yana nan. Ya rufe fuska da rawani ya daɗe bai buɗe ba.

Ya ce zai zo in an gama kaka. Makon jiya ya kira Bashiru ya ce ya iso Madawa wajen 'yarsa, yau zai shigo motar 'yan kasuwa. Tun jiya nake fargaba. Me za ni nuna masa? Rumbunanmu biyu ne, ɗaya ya tsage. Gulbi ya janye, rabin gari a kulle. Sai na tuna ni ma ban ga Alkalawa ta tagar nan ba, kuma ban yi nadamar hawa ba. Na kwance ragon daga turken, na share gindin aduwa, na sayi ganyen shayi da sukari, na sa matar Bashiru ta dama fura da nonon Fulanin Bafarawa.

Motar farko ta zo, ba shi. Ta biyu ta zo, direban ya ce an tare hanya da safe, mutane da yawa sun juya. Wayar Sidi ba ta shiga. Ga shi rana ta yi ja, furar ta fara tsami, na ba yaran maƙwabta.

Bai zo ba, Yaya. Ban sani ba ko zai sake gwadawa, ban kuma sani ba ko zai tarar da ni. Na kira Bashiru na nuna masa ramin turken, na gaya masa abin da Baba ya gaya maka, ban dai mare shi ba. Ragon kuwa na ɗaure shi a wani wuri.

Ka huta lafiya. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda ba a jiran kowa.

Ni ne ƙanenka,
Bawa, wanda aka kai boko aka bar ka da gona.