Ina Neman Motarka a Kantunan Jidda

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ka koya mini, ina fatan makwancinka na cikin haske da sanyi, amin.

Baba, mutane da yawa sun ɗauka duk babban mutumin da aka gani tsugune gaban kantar ƙananan motocin wasa na ƙarfe, yaro yake saya wa. Ɗalibaina ma haka suka zata ranar da suka ci karo da ni a wani kanti a unguwar Safa. Na yi musu bayani cewa akwai manya masu tara motocin nan kamar yadda wasu ke tara kan sarki, kuma malaminsu na cikinsu. Abin da ban gaya musu ba shi ne, a duk ɗaruruwan da ke rataye, mota ɗaya nake nema. Taka.

Na san ta kafilinka ce, ubangidan da kake wa tuƙi, amma mu a unguwarmu ta Karantina motar Baba muke kiranta. Doguwa, shuɗiya mai haske, da zane kamar katako a gefenta. Ran Juma'a yakan bar maka ita, ka shigo lungunmu a hankali, ka ce, "Yalla, mu tafi, wanda bai wanke ƙafa ba ya bi mu a guje." Akwai wata kujera can ƙarshe mai kallon baya. Daga nan nakan ga Jidda tana ja da baya, gidajen unguwar Ruwais suna ƙanƙancewa, har iskar teku ta shigo ta taga.

Ba mu da hotonta. Yanzu idan na rufe ido ina ganin tekun, ina jin ƙamshin turarenka, amma motar ta fara narkewa. Yau in ga fitilunta zagayayyu, gobe masu kusurwa. Tsoro nake ji wata rana in neme ta a raina in rasa, in rasa ka zaune a cikinta.

Neman kuwa da wahala, Baba. Sai ka shiga kanti ka tarar da ƙugiyoyi cike da jar motar tsere iri ɗaya, tun daga gaba har bango. Ka tambayi mai jera kaya yaushe sabon kwali zai iso, ya ce bukra, wato gobe, in sha Allah. Ka dawo gobe da safe ka tarar an riga an buɗe kwalin, wasu masu tarawa da suka san shi sun tsince masu wuyar samu tun kafin a rataye. Manyan kantunan kuma maigadi ya tare ka a ƙofa, wai yau na iyalai ne kawai. Dole in roƙi surukarka Asma'u ta raka ni. Takan yafa abayarta tana dariya, ta ce, "Ni ce iƙamarka, takardar izininka ta shiga kanti."

Sau ɗaya na riƙe ta. Can bayan ƙugiya na zura hannu, sai ga ta, shuɗiya, da katakonta. Ina tsaye ina kallonta aka kira sallar Magariba. Aka rage fitilu, mai karɓar kuɗi ya rufe injinsa, ana ta cewa, "Salla, salla ya ustaz!" Na yi abin da masu tarawa ke yi, na ɓoye ta bayan 'yan tsana, na fita, aka sauke ƙofar ƙarfe. A sahu ina ta kokawa da zuciyata ta bar motar ta fuskanci alƙibla, don na san abin da za ka ce. Da aka buɗe, na ɗaga 'yan tsanan ɗaya bayan ɗaya. Babu ita. Wani ya san maɓoyar kamar yadda na sani.

Watanni suka wuce. A wani ƙaramin shago mai ƙura na sake ganin ƙirarta, amma ruwan ɗorawa. Har na mayar da ita na kai bakin ƙofa, sai na dawo na saya, raina ba daɗi. Na wuce da ita wajen Inna.

Idanun Inna sun yi rauni sosai tun bayan tafiyarka, haske da duhu kawai take bambancewa. Na sa mata kwalin a hannu, ta shafa robar da ke rufe da motar, ta ce ba ta jin komai. A wajenmu masu tarawa, Baba, ba a buɗe kwali. Da zarar ka yaga shi, shi ke nan, darajar motar ta tafi. Duk waɗanda na tara suna rataye a bango cikin robarsu, ban taɓa taɓa ko ɗaya da yatsa ba.

Na yaga.

Ta bi rufin da babban yatsanta a hankali, ta sauko gefe, ta tsaya a ƙofar baya. Ba ta tambayi launi ba. Ta yi murmushi ta ce, "Nan kake zama, kana ɗaga wa mutanen da ba ka sani ba hannu, shi kuma yana kallonka ta madubi." Ni baya nake juya maka duk tsawon tafiyar, Baba. Ban taɓa sanin kana kallona ba.

Motar na wajenta yanzu, kusa da carbinta. Ta hana ni ita.

Na san akwai matasa masu karanta wasiƙar nan ta bayan kafaɗata, kuma ka yarda in ce musu su gwada. Su nemo ɗan ƙaramin abu mai kama da wani abu na zamanin da, ko da launinsa bai dace ba, su cire shi daga kwali, su sa a tafin hannun wani tsoho na gidansu, su yi shiru su saurara.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sada mu a Aljanna Firdausi.

Ɗanka mai kewarka,
Habibu