Gicciyen da Ke Ɓacewa Daga Wayar Mama

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, don Anti ta riga ta tona maka asiri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Baban yara ya samu sauƙin tarin, Auta ta shiga jarrabawar ƙarshe ba a ganinta sai da littafi, ni kuma ina nan ina fama da kantin magani. Mama jininta ya daidaita, ƙafar ce dai takan kumbura in ta daɗe a zaune. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. Na san halinka ne, in na kira, kafin in kai rabi ka katse ni da dariya. Ban da haka ma, kwanan nan ni da waya ba ma ga maciji.

Maganar a kan wayar da ka aiko wa Mama ce. Ka tuna Mai Agogo, dattijon cocinmu da ke gyaran agogo a ƙaramin shagon nan na bakin titi, wanda matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Wata Lahadi bayan sujada ya ga Mama tana duba lokaci, fuskar wayar ba komai sai shuɗin da ta zo da shi, sai ya ce bari ya sa mata manhajar hotunan gicciye. Kowace safiya hoton sai ya sauya da kansa. Yau gicciyen katako a kan tudu rana tana faɗuwa a bayansa, gobe na zinariya da furanni, jibi wani a bakin teku, kowanne da aya ɗaya a ƙasa. Mama ta yi murna, tana nuna wa duk wanda ya shigo. Ni kuwa tun ranar hankalina bai kwanta ba. Da na duba, sai na tarar manhajar ta nemi izinin ganin lambobin mutane da hotuna da inda mai wayar take. Yaya, me gicciye zai yi da lambar Gwaggo? Ga talla kuma ba kunya, Mama tana karanta aya sai maganin rage tumbi ya faɗo mata a kai. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, zan sa ido.

Ba a yi sati ba sai manhajar ta ɓace. Mama ta ce ta tashi da safe ta ga shuɗin nan ya dawo. Bayan sujada ta gaya wa Mai Agogo, da yamma ya zo gida ya mayar. Sati na gaba ta sake ɓacewa, ya sake zuwa. Haka aka yi ta yi har wata uku. Aikin da ba ya wuce minti biyu, sai mutumin nan ya share awa biyu a falo, a kan kujerar Baba kuma, ya ɗora tabarau a karan hanci yana shafa waya a hankali kamar mai neman ƙaramar ƙusar agogo. Rannan na shigo na ji Mama tana dariya har da tari, irin dariyar da rabona da jin ta tun Baba yana da rai. Ba zan ɓoye maka ba, ban ji daɗi ba, haushi na ji. Na fara tunanin ko gidan Baba yake hange, don in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Sai na yi dabara. Na sauke irin manhajar a kwamfutar kanti, na bar ta, ina kallonta kullum tsakanin lissafin kwalayen magani. Wata guda cur gicciye yana sauyawa, ko sau ɗaya bai ɓace ba. Na ɗauki wayar Mama da sunan zan sa mata caji, na kai wa mai gyaran waya da ke jikin kantinmu. Ya bincika, ya toshe izinin nan marasa dalili, ya ce manhajar dai kwaɗayin talla ne ya yi mata yawa, amma bai ga tana satar komai ba. Sannan ya ce waya ba ta goge abu da kanta, lallai akwai yatsan da ke gogewa. Na tambaye shi ko mutum zai iya saita ta yadda za ta ɓace bayan kwana shida. Ya ce shi bai taɓa gani ba. Ban yarda ba, na ce mai gyaran agogo ai ya san yadda ake sa abu ya buga a kan lokaci. Na sa ya yi wa manhajar kulle da lambar da ni kaɗai na sani.

Ranar Lahadi na tare Mai Agogo a bakin ƙofar gidan Mama kafin ya shiga. Yaya, na yi masa maganar da ba a yi wa sa'an uba. Na ce wayar ta warke, ba ta ƙara buƙatar likita, kuma gidan nan yana da masu shi, kada ya ga ba namiji a ciki ya ɗauka ba mai tsaro. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce in gaishe da Mama, ya juya. Na koma gida ina jin na yi aikin da ya kamata kai ka yi da kana nan. Sati uku bai zo ba, a coci ma ya koma zama can baya. Gicciye kuwa ya zauna daram a fuskar waya. Sai dai abincin Mama ya fara dawowa rabi, labulen falo kuma sai in zo da yamma in tarar ba a ɗaga shi ba tun safe.

Shekaranjiya, Asabar, na rufe kanti da wuri na biya da maganinta. Ƙofa a buɗe, ba ta ji shigowata ba. Na same ta a bakin gado, ta danna yatsa a kan alamar manhajar ta riƙe, tana jan ta zuwa kwandon shara. Wayar ta nemi lamba. Ta saki, ta sake dannawa. Sau huɗu ina tsaye ina kallo. Mamar da ke kirana in ƙara mata ƙarar waya, wai ba ta iya ba! Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Da ta ɗago ta gan ni, ba ta ɓoye wayar ba. Ta ce ita ce take gogewa duk Asabar, wata mata a taron addu'a ta koya mata, shi kuma bawan Allahn bai taɓa tambayarta yadda aka yi ba. Ta ce ba ta raina ƙoƙarinmu ba, ni ina kawo magani, kai kana aiko waya, Auta tana gaishe ta a tsaye da jaka a kafaɗa. Amma shekara shida ke nan tun rasuwar Baba ba wanda ya zauna ya tambaye ta yadda ta wuni ba tare da ya ɗaura mata abin awon jini a hannu ba. Ta ce a shekarunta ba za ta iya ce wa namiji ya zo hira ba, amma za ta iya cewa waya ta lalace. Kunya ta rufe ni, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Kada ka ɗauka na sakankance da mutumin. Har yanzu ina sa ido, kuma na fara zargin ya san komai tun sati na biyu ya yi shiru. Takardun gida na kwashe su na kai wajen Kawu. Amma na cire kullen, na goge manhajar da hannuna, Mama tana kallo. Jiya bayan sujada na bi Mai Agogo har bakin titi, na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce wayar Mama ta sake lalacewa, Ubangiji ya gafarta mini ƙaryar da na yi a ƙofar coci. Ya dube ni ya daɗe, ya ce ya ji, zai duba in ya samu hali. Jiya bai zo ba. Mama ta yi wanka ta sa zanen fita, ta zauna a falo har rana ta faɗi. In bai zo Lahadi mai zuwa ba, ni na jawo, kuma ban san da wace fuska zan shiga gidan ba. Kai yana jin nauyinka tun kana yaro. Ina roƙonka ka kira shi ku gaisa kawai, kada ka yi masa tambayoyi, wannan na riga na yi mana har ya yi yawa. Sabuwar wayar da ka ce za ka aiko kuma ka bar ta, ta hannun Mama ba abin da ya same ta.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Dogo, da 'yan biyu, ka ce musu gwaggonsu tana jiran hotuna. Baban yara da Auta da Kawu suna gaishe ku. Mama ba ta san na rubuto ba, don haka ba gaisuwarta a ciki, sai ka kira ka karɓa da kanka, kuma ka zauna kafin ka kira. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai kantin magani