Jirgin Maɗaci

Ƙofar Mazugal, Kano.
Lahadi, 6 ga Oktoba.

Zuwa ga uwata Ikram, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki. Yaya Zariya, yaya fama da Zazzagawa? Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Mamanki ta yi sauƙi, har ta je suna Kabara da ƙafarta.

Na rubuto ne maimakon waya, domin a waya ke kina saurin magana, ni ina saurin fushi, sai mu rabu ba a faɗi komai ba. A takarda ba mai katse wani.

Game da aikin gyaran jirgin sama da aka ba ki a Legas, wanda kika ce suna jiran amsarki kafin ƙarshen watan nan, maganata tana nan inda na ajiye ta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Cewa na yi ba na sa albarka a abin da ban gane ba. Shekara arba'in da ɗaya ina kafinta. Da zarton aro na fara a gindin ganuwa, yau ƙofofina suna gidajen da ni kaina sai an yi mini iso nake shiga. Duk abin da na taɓa haɗawa na san me yake riƙe da shi. Amma ƙarfe ya tsaya a sama ba ginshiƙi ba igiya, kuma a ce 'yata ce za ta sa hannu a takarda cewa ya tashi da mutum ɗari, wannan ban gane shi ba. Nauyinki yana wuyana har gaban Allah.

To, amsarki ta iso ranar Alhamis a hannun direban motar Zariya: jirgin wasa a kwali, guntu-guntu, da 'yar takarda wai “Baba, haɗa wannan, in ya tashi za ka gane.” Na yi dariya, na kuma karɓa.

Tare muka buɗe shi da abokina Malam Kolo na Kabara, mai rubuta Alƙur'ani da hannu, wanda ya ɗora ki a allo. Akwai falle-fallen katako da aka zana wa siffofi, da tsinkaye kamar na tsire, da takarda mai kaurin ɓawon albasa, da farfela, da doguwar roba, da babban zane. Turancina na sakandare ya ishe ni karanta bayanin. Wai sunan katakon balsa. Na danna farce, sai ya shige. Uwata, an cuce ki. Wannan ba katako ba ne, totuwar kara ce aka yi wa kwali mai kyau.

Kin san yadda ake ciniki a shagona. Mai saye ba ya tambaya, ɗaga kujerar yake yi. In ya ji nauyi ya ce wannan aiki ne. In ta taso masa da sauƙi ya ajiye ya wuce. Ba zan sa sunana a abin da tari zai karya ba. Na yanke shawarar fitar da kowane guntu a maɗaci, ina bin siffar nasu. Malam Kolo ya ce, “Alhaji, ko dai mu bi takardar mutane?” Na ce masa ya riƙe alƙalaminsa ya bar mini katako.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Me ya sa saman fiffiken yake da ƙusumbi, ƙasan kuma a shafe? Kada ki gaya mini. Ina so in gano da kaina.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Allah Ya yi miki jagora.

Mahaifinki,
Alhaji Aminu Mailafiya.

Ƙofar Mazugal, Kano.
Talata, 15 ga Oktoba.

Uwata Ikram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, kuma jarrabawar da kika ce kuna yi ta zo da sauƙi. Gida kowa lafiya.

Jirgi ya haɗu. Kwana bakwai muka yi, kullum bayan la'asar a zauren shago, kuma gaskiya rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina yin motar kara. Malam Kolo ya so ya rikita mu ranar farko, don hotunan bayanin daga dama yake bin su zuwa hagu kamar yana karatun allo, ya dage sai an manna takarda kafin a haɗa ƙashin jirgin. Da na nuna masa lambobin ya ce masu zanen ne suka fara daga ƙarshe. Amma wajen shimfiɗa takardar nan a kan fiffike, sai dai in tsaya in kalla. Ko tattara ɗaya babu. Hannun da ya shekara hamsin yana ɗiga wasali ba irin nawa ba ne.

Ni kuma na fitar da haƙarƙarin fiffike goma sha takwas a maɗaci, duk kamar an haife su tare. Inda suka ce a ɗiga gam kaɗan na cika shi, na ƙara ƙananan ƙusoshi a mahaɗa, na shafa wa jikin folish sau uku. Da kin gan shi! Har wani ya tsaya yana tambaya ko na sayarwa ne.

Ranar Lahadi da safe muka kai shi filin ƙwallon bayan ganuwa. Mai shayin bakin filin da 'yan adaidaita sahu biyu suka zo kallo. Na murɗa farfela sau ɗari uku kamar yadda aka rubuta, na yi bisimilla, na wurga. Uwata, taku biyar ya yi, ya kafa hanci a ƙasa kamar an jefar da guduma. Muka gwada daga ƙasa, ya yi ta gudu yana karkarwa kamar zakaran da aka koro daga kicin, bai ɗaga ko da kamu ɗaya ba.

Amma ki lura da wannan: bai karye ba. Ko ƙwarzane babu. Ƙasar ce ma ta yi rami. Da na faɗi haka, Malam Kolo ya ce, “Ai ba shakka, Alhaji. Ƙofa ka yi mai fukafukai. A sa mata kwaɗo kawai.” Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Na ɗauki jirgina na kaɗe masa ƙura.

Na zargi robar, na yanko ta tayar keke mai ƙarfi na sa. Wannan karon taku bakwai ya yi.

Tun ranar nan ban da aiki sai kallon sama. Kin san shirwar da take shawagi a saman mayanka. Jiya na tsaya da zarto a hannu ina kallon wata, ta fi minti biyar ba ta kaɗa fiffike ba, kuma ba ta faɗo ba. Shekara sittin ina ganinsu ban taɓa tambayar kaina ba. Me take kwance a kai? Ina jin akwai abin da iskar take yi wanda ido ba ya gani.

Na san kwanaki suna tafiya. Ban manta da mutanen Legas ba.

Ki gaishe da malamanki. Allah Ya tsare.

Mahaifinki,
Alhaji Aminu Mailafiya.

Ƙofar Mazugal, Kano.
Lahadi, 20 ga Oktoba.

Uwata,

Assalamu alaikum, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya shigo wayar Mamanki, ta karanta mini. Kalma uku kacal: “Baba, auna shi.” Na gode da ba ki ƙara ba.

Kafin saƙon ma wani abu ya faru. Ranar Laraba Mamanki ta yi farfesun tantabara. Ina ci sai na tsaya, na fasa ƙashin fiffiken da haƙori na duba. Rami ne a ciki, fayau, kamar bututun biro. Na ɗauko reza na tsaga wani a tsaye. Mamanki ta ce in abincin bai yi ba in faɗa mata, ba sai na yi masa tiyata ba. Na ce mata Wanda Ya yi tsuntsun nan bai cika shi da katako ba, kuma ba don Ya rasa ba ne.

Washegari, da saƙonki ya shigo, muka tafi Ƙofar Wambai wurin wani mai turare da yake da ƙaramin sikeli. A hanya nake cewa ai ba abin da za mu gwada da shi, tunda guntayen balsa na share su tare da dusar katako. Sai Malam Kolo ya zaro gwangwanin alƙalumansa. Ashe duk ranar da na watsar, shi yana bi yana tsincewa a ɓoye yana tarawa a ciki. Muka ɗora haƙarƙarina ɗaya na maɗaci. Sai da muka tara nasu biyar kafin sikelin ya daidaita. Jirgin gaba ɗaya kuwa ya ninka abin da aka rubuta a jikin kwali sau shida. Mai turaren ya ɗaga shi a hannu ya jinjina ya ce, “Kai, wannan aiki ne!” Karon farko ke nan da aka faɗa mini wannan kalma na ji kunya.

Mun sake sabon lale da ragowar takarda da robar kwalin, muka ciro farfela daga na maɗacin. Haƙarƙari huɗu da tsinke ɗaya sun ɓata a shara, sai muka fere su daga totuwar kara da ɓawonsa, wato abin da na zagi katakon da shi tun farko. Yanzu Malam Kolo ne ogan aiki. Ya ƙwace mini guduma ya zauna a kanta. Gam ma da tsinken alƙalami yake ɗiga mini, kamar mai ba jariri magani. Na karya haƙarƙari uku a rana ɗaya, ba da gangan ba, riƙewa kawai na yi. Ya ce, “Sarkin guduma, ba ɓarawo ka kama ba, sassauta.” Ban san hannuna ya yi nauyi haka ba sai yanzu. Kowane lokaci yatsuna suna so su ƙara wani abu don kada ya karye, sai in mayar da su aljihu.

Ina jin nauyin faɗa miki wannan, amma ba a cuce ki ba. Ki shafe wancan layin daga takardata ta farko.

Sauran fiffike ɗaya da jela. Ki yi mana addu'a.

Mahaifinki,
Aminu.

Ƙofar Mazugal, Kano.
Lahadi, 27 ga Oktoba.

Zuwa ga uwata Ikram,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya. Mu nan sai godiya. Daga filin nake, ko shago ban buɗe ba, don ina so takardar nan ta bi motar azahar.

Mun fita da sassafe kafin iska ta taso. Sabon jirgin ba shi da kyan gani, inda muka sa kara ya yi ɗan tabo, kuma a hannu kamar ba ka riƙe komai ba. Da na shiga filin da shi sai da na kare shi da babbar riga. Mai shayi ya hango mu ya ce yau kuma rijiya za a haƙa ko kwalbati.

Na murɗa ɗari uku, na wurga da ƙarfina. Ya miƙe tsaye kamar zai hau bango, ya tsaya cak, ya faɗo ta jela. Na ɗauka ya tarwatse. Takarda ce kawai ta ɗan yage, Malam Kolo ya liƙe ta nan take. Sannan ya riƙe mini hannu ya ce, “Alhaji, ba jifa ake yi ba. Ka fuskanci iska, ka taka biyu, ka buɗe yatsunka. Shi ke nan aikinka.” Na ce in na saki haka kawai ai faɗuwa zai yi. Ya ce to ci gaba da riƙewa mu gani ko zai tashi a hannunka.

Na sake murɗawa. Na taka biyu. Na buɗe yatsuna.

Uwata, ya ɗan nutsa kamar zai taɓa ƙasa, sai na ga wani abu ya tallafe shi daga ƙasa. Wallahi da idona na ga an ɗaga shi. Ya hau a hankali, farfela tana 'yar ƙara kamar keken ɗinki daga nesa, ya wuce tsayin raga, ya karkata hagu, ya zagaye filin sau biyu. Rana ta ratsa takardar har ina ƙirga haƙarƙarinsa, ina gane na kara daga na kwali. Da robar ta ƙare bai faɗo ba, sai ya shimfiɗo kamar shirwar nan, ya sauka a ciyawa can gindin ganuwa. Malam Kolo, dattijo mai furfura, ya tattare riga yana gudu yana kabbara. Ni kuwa ina tsaye ina bin shi da kallo. Hannuna yana nan a sama a buɗe, sai da mai shayi ya ce in sauke.

Yanzu maganarmu. Na ce ba na sa albarka a abin da ban gane ba. Gaskiya har yanzu ban gane dalilin ƙusumbin fiffiken nan ba, ban kuma san sunan abin da ya tallafe shi ba. Abin da na gani shi ne, duk inda na ƙara don tsoron kada ya karye, nan ne ya hana shi tashi. Wannan ya ishe ni.

Ki rubuta wa mutanen Legas gobe, ki ce kin karɓa. Na yarda, na sa albarka. Allah Ya sa duk jirgin da kika taɓa ya sauka lafiya, Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Mamanki ta yi kuka kaɗan, yanzu tana neman jakar da za ta cika miki da kuka da daddawa.

Sharaɗi ɗaya: kafin ki wuce, ki kwana biyu a gida, ki zauna a zauren shago ki yi mana bayanin ƙusumbin nan, ni da Malam Kolo. Ba zan katse ki ba. Ki taho da wani kwalin kuma, mai fiffike biyu sama da ƙasa, mun gan shi a bayan takardar.

Direba zai ba ki ƙunshi tare da wannan wasiƙa. Jirgin maɗacin ne. Ki ajiye shi a teburinki na Legas ki riƙa danne takardu da shi. Wannan aikin kam na tabbata zai iya, kuma ba zai karye ba.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Alhaji Aminu Mailafiya.