An Bar Min Asibitin Ni Kaɗai

Nanay, mahaifiyata,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Tatay, mahaifina? Ni lafiya lau nake, ramar da kika gani a hoto ba komai ba ce.

Dokar da muka daɗe muna nema a nan Kansas ta fito: mu manyan nas za mu rubuta magani ba sai likita ya sa hannu ba. Ko wata ba a yi ba aka sallami likitanmu. Manaja, wanda bai taɓa riƙe sunana ba, ya zo har da fure: "Perlita, asibiti ya zama naki!"

Na ce, "In wani ya mutu fa?"

Ya yi dariya. "Haba, ai mun yarda da ke."

Aikin zan iya, Nanay. Amma takardar yarjejeniyar da manajan ya kawo min, sai lauya ya karanta kafin in sa hannu. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Perlita