Fitilar Zauren Baba

Tudun Gawo, ta wajen Wurma,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Mutawakkil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Surayya da 'yar lelena Jannat. Yaya aiki, yaya zafin Dutsin-Ma? Mu nan lafiya lau, sai idon Baba da ke ƙara ja da baya. Yanzu ko inuwar mutum ba ya gani, da murya yake gane kowa.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa. A waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, tun kana yaro haka kake, sai ka ce "Yaya, na gane," alhali ba abin da ka gane. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa kasuwarku wannan takarda, don ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Da farko ina yi maka godiya. Ban manta ranar da masu faɗaɗa hanyar Kurfi suka shafa jan fenti a bangon zauren Baba ba. Kai ka yi ta sintiri har ka kawo mutanen nan masu kula da tsofaffin gine-gine, aka ce a bar shi tunda baƙi masu zuwa yawon buɗe ido madatsar ruwa ta Zobe suna biyowa su gan shi. Ba don kai ba da yanzu motoci ke bi ta inda kakanmu ya kafa azara. Baba kullum sai ya sa maka albarka.

Maganar fitilar da ka sa a zauren ce ta hana ni sukuni.

Ka tafi makarantar kwana da wuri, wataƙila ka manta yadda ake ciyayya a gidan nan. In an idar da magariba kowane magidanci na unguwa yakan zo da akushinsa, ya ajiye a lungun bayan ƙofa, sannan ya shige ya zauna. In an hallara sai Baba ya tashi ya cakuɗa akusan, ya jawo su tsakiya a ci. Aci-balbal guda ce a alkuki, haskenta bai wuce hannu ya gane hanyar baki ba. Ba wanda ya san wa ya kawo mai man shanu, wa ya kawo gaya, wa ya zo hannu rabbana. Da gangan kakanmu ya karkata ƙofar nan ya bar mata lungu.

Ka san Malam Hudu maƙwabcinmu. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi birni acaɓa, ba a ƙara ganin hayaƙi a gidansa ba. Kullum yakan zo da hannuwansa cikin riga kamar yana riƙe da abu, ya sunkuya a lungu, ya shiga ya zauna da mutuncinsa. Ni kuwa kwano biyu nake zubawa, kamar yadda Inna ta nuna mini kafin ta rasu: ɗaya a akushinmu, ɗaya a wani tsohon kwano marar alama, in tura su ta ƙofar ciki. Na tabbata akwai matan da ke yin haka saboda wasu, amma ban taɓa tambaya ba.

To ga fitilarka mai aiki da hasken rana, ta haske zauren fes kamar shago, har lungun. Ranar Asabar kuma yaron da ke jagorantar baƙinka ya ce kowa ya shigo riƙe da akushinsa, ya kalli mai ɗaukar hoto, ya faɗi abin da matarsa ta dafa. Ina bayan ƙofar ciki ina jin komai. Malam Hudu ya yi sallama, ya tsaya, sannan ya ce, "Af, na mance ban ɗaure akuya ba, ku fara." Mutawakkil, Malam Hudu ba shi da akuya. Har yau bai dawo ba.

Don Allah ka zo ka cire ta. Ka kawo baƙinka da rana su ga zankwaye da rufin azara da zanen bango, in dama musu fura su sha. Daren kawai nake roƙon ka bar wa masu shi.

Ka gaishe da Surayya, ka ce na gode da sabulu. Allah ya tsare, ya bar zumunci.

Yayarka,
Rahamatu

*

Tudun Gawo,
Ranar Talata, cikin bazara.

Ƙanena Mutawakkil,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. An ce Jannat ta yi zazzaɓi, yaya jikin nata? Allah ya ƙara sauƙi. Baba yana nan, amma ba ya cin abinci sosai.

Amsarka ta iso. Ka ce baƙi ba bango suke zuwa gani ba, tsohon bango ko'ina akwai, ciyayyar ce ke kawo su, kuma in suka daina zuwa jan fenti zai dawo. Na yarda ba ƙarya ka faɗa ba. Abin da na kasa yafe maka shi ne buhun shinkafar nan. Na gaya maka sirrin mutum don ka rufe, sai ka aiko mota da rana tsaka, tana hon a ƙofar gidansa, direba yana tambayar jama'a, "Ina gidan tsohon da ba shi da abinci?" Kai wai ina hankalinka ya tafi? Malam Hudu ya fito ya yi godiya sosai, ya sa maka albarka, sannan ya sa aka kai buhun masallaci aka raba sadaka. Ko ƙwaya bai taɓa ba. Ni ma da laifina da na faɗa maka suna.

Bari ka ji abin da ya biyo baya. Matar Kamilu mai faci ta ga miyarta a waya. Wata ce ta nuna mata, ga kwanonsu an buɗe, ga mutanen da ba su san ta ba suna rubuta dariya a ƙasa, wai miyar kuka kamar ruwan wanki. Ta yi kuka a ɗakina har na rasa abin ce mata. Daga ranar mijinta bai sake zuwa ba. Masu hali kuma suka fara aiko da shinkafa da kaza ranar Asabar, don a gani. Sai masu tuwon dawa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Da masu halin suka waiga suka ga su kaɗai ne, kunya ta kama su, su ma suka zauna a gidajensu. Ba wanda ya yi faɗa da wani, a masallaci ana gaisawa lafiya lau.

Ni ba na shiga zaure lokacin ciyayya, amma kwanuka suna ba ni labari. Da suna dawowa a suɗe, yanzu suna dawowa da tuwonsu, an ɗan gutsiri gefe guda. Baba yakan zauna a kan buzunsa yana kasa kunne. In ya ji motsi sai ya ce, "Wa ke nan? Hudu ne?" Sau da yawa iska ce ta taɓa ƙyaure. Samarin da kake kwasowa daga gari ranar Asabar, kana sa musu manyan riguna su zauna a matsayin mutanen unguwa, kada ka zaci bai gane ba. Ya ce da ni, "Ɗiyata, waɗanga muryoyi ban san su ba, kuma ba su jira a cakuɗa." Bai ce komai a kanka ba, kuma ba zai ce ba.

Na yi ƙoƙarin kashe fitilar, na rasa makunninta, ita ke kunna kanta in rana ta faɗi. Na hau turmi na ɗaure ta da tsohon zanen Inna, zauren ya koma yadda yake. Na zuba kwano biyu na jira. Ba wanda ya zo. Na aika wa Malam Hudu tuwo ta hannun ƙanwarsa, ya maido, ya ce alhamdu lillahi ya riga ya ci. Ta ce rogo yake saye a bakin hanya, ranar da ya samu.

Ga kuma damina ta matso, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ka san ba a taɓa kiran gayya don zauren nan ba. Masu ci a cikinsa su ke yaɓe shi. Da zarar an ga hadarin fari sai a wayi gari a gan su da fartanya da tulu, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na kan rufi, mu mata muna dama kunu. Bana ko mutum ɗaya bai leƙo ba, kuma da wane ido zan je in kira su? Rufin ya tsage ta wajen indararon gabas, hannuna yana shiga. Kududdufin da ake ɗibar jar ƙasa ma an kewaye shi da waya, an yanka fulotai. Ka ce za ka turo leburori da siminti bayan an yi albashi. Ruwa ba zai jira albashinka ba, kuma siminti ba ya zama da ƙasa, cikin bangon zai riƙa ruɓewa.

Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron rufin nan ya rufto wa Baba, don ya ƙi daina zama a ciki. Ina tsoron a wayi gari a tsinci Malam Hudu a ɗakinsa, katanga ɗaya tsakaninmu, ni ina zubar da tuwo wa kaji. Ban san abin da zan yi ba. Ka zo da kanka, ba da baƙi ba, ka bi gidajen nan ɗaya-ɗaya ka ba su haƙuri. Kai namiji ne, kai za su saurara.

Ina jiran ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka da ba ta barci,
Rahamatu

*

Tudun Gawo,
Ranar Talata, bayan shuka.

Mutawakkil,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kai da Surayya da Jannat. Yaya ruwa a wajenku? Nan an samu sosai, gero ya fito.

Ba ka zo ba. Ka aiko kana tambaya ko zaure ya tsira daga ruwan makon jiya, don kana da baƙi daga Kaduna. Ga amsa.

Wata ranar Laraba da safe, kafin ruwan nan ya sauka, na ji kukan jaki a ƙofar gida. Malam Hudu ne, ya aro jaki ya ɗebo jar ƙasa tun daga bakin rafi. Shi kaɗai ya jiƙa, ya tattake da ciyawa, ya kafa tsani. Na leƙa ta katanga na ga ƙafafunsa, sun zama kamar kara. Yana hawa da kwando, yana hutawa a kowane mataki, ni ina ƙasa ina salati. Baba yana cikin zaure, da ya ji takun ƙafa a kan rufi nan take ya gane. Ya ɗaga murya ya ce, "Hudu, sauko mu karya, ga kunu." Sai ya amsa daga sama, "Malam, azumi nike." Baba ya ce, "Allah shi karɓa." Duka su biyun sun san ranar Laraba ce.

Bai sauko ba sai da ya toshe tsagar, ya gyara indararo, ya shafe rufin gaba ɗaya da tafin hannunsa. Da la'asar ya wanke hannu, ya tsaya daga waje ya yi wa Baba sallama, bai taka cikin zauren ba. Washegari muka ji ya sayar da gidansa ga masu yanka fulotai, ya raba wa 'ya'yansa abin da ya samu, ya hau mota. Ƙanwarsa ta ce yana nan Dutsin-Ma, yana gadi a wani gidan hayar ɗalibai ta wajen unguwarku.

Ruwan da aka yi bayan tafiyarsa har bangon masallaci ya zubar, amma zauren Baba ko ɗigo bai yi ba. Yana nan tsaf, ka kawo baƙinka. Sai dai ka taho da masu ci, kuma ka taho da wanda zai zauna a kan buzu, don Baba ya daina fita. A ɗakin Inna yake cin abincinsa yanzu, fuskarsa na kallon bango. Ya ce in daina zuba kwano biyu. Na ce to, amma in na zo ɗibar gari hannuna ba ya jin magana.

Ba zan ƙara roƙon ka a kan fitilar nan ba, ka bar ta ta yi ta ci. Abu guda ya rage, kuma ina haɗa ka da Allah da darajar Inna, ka karanta shi sau biyu kafin ka ce ka gane.

Ka nemo inda Malam Hudu yake. Kada ka kai masa buhu, kada ka aika kowa, kada ka ce ni na faɗa maka. Ka gaishe shi kamar hanya ce ta biyo da kai, ka ce kai da maƙwabta kuna ɗan zama a ƙofar gida bayan magariba, ya riƙa leƙowa ana hira. Ka shimfiɗa tabarma, ka kira mutum biyu ko uku su fito da nasu. Ka ce wa Surayya ta zuba kwano biyu, ta ajiye a bayan ƙyaure. Wataƙila ba zai zo ranar farko ba, wataƙila sai ya daɗe yana wucewa yana kallo daga nesa. Ku dai ci gaba da zama.

Kuma don girman Allah, Mutawakkil, ka kashe fitilar ƙofar gidanka kafin ya iso.

Ka gaishe da mutanen gida. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Yayarka,
Rahamatu