Rugagen Yaya Sada a Kan Allo

Daren Talata, Safana

Ni na jawo. Kwamfutar marigayi Yaya Sada ta nemi a sabunta ta, ni kuma na danna. Da ta sake kunnuwa sai rubutu ya ƙanƙance, bayan allon ya yi baƙi ƙirin.

Na ɗauke ta a mashin zuwa shagon Malam Lawal mai gyara. Ya daidaita rubutun, ya dawo da launin, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ba abin da ya ɓace. Ga fayilolin nan reras."

Reras ɗin ne ciwona. Yaya mai allurar shanu ne, kowace ruga da fayil ɗinta, kuma ya baza su a allon yadda suke zaune a daji, na wajen Ruma a gefe, na bakin rafi a ƙasa. Yanzu kwamfuta ta jera su layi-layi. Yawancin rugagen nan ɓarayin daji sun tashe su. A allon nan kaɗai suka rage a mazauninsu.

Tun la'asar nake mayar da su ɗaya-ɗaya. Bakwai kawai na iya. Har na ɗauki waya in tambayi Yaya sauran. Sai da na kai kan sunansa, na ajiye.