Lambobin Jinin Manoman Tattasai

Zuwa ga Shugaban Makarantar Karatun Dokta, Sashen Lafiyar Muhalli da ta Masu Sana'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Ranka ya daɗe, sunana Hadiza Mamman Sani, haifaffiyar Difa, ɗalibarku. Wasiƙu uku na ajiye a bironka, wato ofishinka, ba amsa, shi ya sa na fito da wannan a fili.

Na ɗaya. Bincikena a kan maganin feshi ne da abin da yake yi wa jikin manoman tattasai a bakin kogin Komadugu. Mutanen nan ba su san jami'a ba, mahaifina Alhaji suka sani, don a kantinsa suke sayayya tun ina goye. Saboda shi suka miƙa mini hannu na ɗebi jininsu, ni kuma na yi musu alkawarin kowa zai ji sakamakonsa.

Na biyu. Bisa ƙa'idarku, babu suna a jikin kwalaben, sai lamba. Takardar da ta nuna wace lamba ce ta wa tana hannun malamin da ke duba aikina, shi kaɗai. Sakamako ya fito daga labo, ɗakin gwajin jini. Wasu lambobi sun nuna dafin ya shiga jiki sosai, ya kamata masu su su ajiye feshi su ga likita. Malamin ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi da takardar. Ba ya ɗaukar waya, ba ya amsa saƙo.

Na uku. Na nemi a canza mini malami, aka ce sai wanda ya tafi ya sa hannu. Na nemi in sake ɗibar jinin, aka ce sai kwamiti ya yarda, kwamiti kuma ba ya karɓar dosiyen takardun da babu sa hannun malami. Duk ƙofar da na taɓa, mabuɗinta yana aljihun mutum guda.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na tara manoman a wata gona kusa da ƙauyen Asaga, na ce kowa ya dakata da feshi. Baba Kyari, dattijon da ya fara ba ni jininsa, ya ce: “Ƴata, in duk muka ajiye fanfon feshi tsutsa ta cinye tattasai, me yara za su ci? Faɗa mana wane ne a cikinmu, mu sauran mu yi masa feshinsa.” Ni kuwa lambobi kawai ke hannuna, ba suna. Ranar Talata ya zo kanti, na ga kofin shayi yana rawa a hannunsa har ya zuba masa a riga. Ko tsufa ne, ko yana cikin lambobin nan, ban sani ba. Yanzu a kasuwa har an fara cewa ƴar Alhaji ta sayar da jinin mutane. In na hango manomi, sai in canza hanya.

Don haka ina roƙon abu biyu. A sa malamin ya aiko da takardar nan ga likitan da kuka amince da shi a nan Difa, ba sai ta bi ta hannuna ba, a kira mutanen ɗaya-ɗaya kafin feshi na gaba. Sannan a ba ni wani malamin. In ɗaya kawai za a iya, a yi na farkon. Digirin zai iya jirana.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya kuma tsare ka da ranar da za a tambaye ka abin da ka sani ka rasa bakin faɗa.

Wassalam.

Hadiza Mamman Sani,
Difa.